Waiwaye: Zaɓen Ƙananan Hukumomin Abuja na 2022 da Ƙuri'u 19,302 da Suka Ba da Kujerar AMAC

Ranar Asabar 12 ga Fabrairu 2022 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya: Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali, da ƙaramar hukumar birnin Abuja wadda aka fi sani da AMAC. Kujeru 68 aka yi takara a kansu, shida na ciyamomi, 62 na kansiloli. AMAC na da gundumomi 12, sauran biyar ɗin kowacce na da 10.

Da aka gama ƙirga, PDP ta ɗauki uku, APC ta ɗauki uku. A AMAC Christopher Zakka Maikalangu na PDP ya samu ƙuri'u 19,302, Murtala Usman Karshi na APC ya biyo baya da 13,000 da ɗoriya. John Gabaya ya riƙe wa PDP Bwari, Abdullahi Suleiman Sabo ya riƙe mata Kuje. APC ta ci Gwagwalada da Abubakar Jibrin Giri, ta ci Kwali da Danladi Chiya da tazarar da ba ta wuce 'yan ɗaruruwan ƙuri'u ba. A Abaji ma APC ce ta fi yawan ƙuri'u, amma baturen zaɓe bai ambaci sunan kowa ba, domin har ranar zaɓe ana gaban kotu kan wanda ke da tutar jam'iyyar.

Kafin a fahimci waɗannan alƙaluma sai an koma baya, a ga yadda aka yi birnin da shugaban ƙasa ke zaune cikinsa ya zama ba shi da wani zaɓaɓɓen mai mulki sai ciyaman.

A ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya sanar cewa za a ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas, bayan rahoton kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Doka ta 6 ta wannan shekarar ce ta kafa yankin, aka yanko ƙasa daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci. Sunan ma aro ne: tsohon garin Abuja na Haɓen Zazzau ya bar wa sabon birnin sunansa, shi ya koma Suleja. Gwamnati ba ta tare ba sai 12 ga Disamba 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Ƙasar ba kango ba ce lokacin da aka yanko ta. Akwai Gwarawa, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, da Gade da Gwandara da Koro da Bassa da Ganagana da Igbira, da Hausawa da Fulani a garuruwa da rugage. An so a kwashe su duka da farko, kuɗin diyya ya gagara, aka bar mafi yawansu inda suke.

Tsarin mulkin 1999 ya lissafa ƙananan hukumomi 768 a jihohi, ya ƙara shida na Abuja, suka cika 774. Amma bai ba Abuja gwamna ba, bai ba ta majalisar dokoki ba. Shugaban ƙasa ne ke matsayin gwamnanta, yana naɗa minista ya riƙe masa, Majalisar Tarayya kuma ita ke yi mata doka. Mazaunin Abuja na zaɓen shugaban ƙasa, da sanata ɗaya, da ɗan majalisar wakilai daga ɗaya cikin mazaɓu biyu. Bayan waɗannan sai ciyaman da kansila. Ga 'yan asalin yankin, waɗanda gonakinsu suka zama unguwannin manya, kujerar ciyaman ita ce mafi girman mulkin da za su iya kamawa da ƙuri'arsu, shi ya sa ba sa wasa da ita.

Rashin gwamna ya haifar da wani abu mai kyau. Tun da Abuja ba ta da hukumar zaɓe ta jiha, hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ce ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumominta, kuma shi kaɗai ne zaɓen ƙananan hukumomi da ke hannunta a duk ƙasar. Bambancin a fili yake. A Kano, hukumar zaɓen jiha ta ba APC duka ciyamomi 44 a 2021, sannan a 2024 ta ba NNPP duka 44 ɗin. Haka ake yi a kusan kowace jiha: jam'iyyar gwamna ta share komai. A Abuja kuwa ana kayar da mai mulki. A 2016 APC ta ci biyar, APGA ta ƙwace Gwagwalada. A 2019 PDP ta karɓe Bwari da Kuje alhali APC ke mulkin ƙasa. A 2022 ta haɗa da AMAC kanta, kujerar da Abdullahi Adamu Candido ya riƙe wa APC tun 2016. Kuma ba a taɓa jin an rushe zaɓaɓɓu an naɗa kantomomi na shekara da shekaru kamar yadda gwamnoni suka saba ba.

To amma duba adadin. Masu rajistar zaɓe a Abuja a lokacin sun kai 1,373,492, kuma kusan rabinsu a AMAC suke. Waɗanda suka fito a AMAC kusan kashi 5 ne cikin ɗari. Wato cikin mutum ashirin masu kati, ɗaya ne ya je rumfa. A sauran ƙananan hukumomin fitowar ta fi haka, musamman a Abaji da Kwali inda kowa ya san ɗan takara da gidansu, amma jimillar yankin gaba ɗaya ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin goma ba.

Dalili na farko shi ne yadda aka raba aiki a birnin. Mazaunin Maitama ko Wuse ko Asokoro, filinsa daga hannun minista yake fitowa, titinsa hukumar raya birnin tarayya ce ke yi, shararsa hukumar kare muhalli ta Abuja ke kwashewa, ruwansa na hukumar ruwa ne. Ba ya haɗuwa da AMAC sai ranar da masu karɓar haraji suka zo da takardar kuɗin gida ko na allon shago. 'Ya'yansa ba sa zuwa firamaren gwamnati, ba ya zuwa asibitin sha-ka-tafi. Mutumin Karshi ko Orozo ko Jiwa ko Gwagwa ko Kabusa kuwa, ajin da ɗansa ke zama, da ɗakin shan magani, da rumfar kasuwa, da tasha, da kwalbatin da ruwa ya cinye, duk na ƙaramar hukuma ne. Saboda haka ƙuri'ar AMAC daga bakin gari take fitowa, ba daga tsakiyarsa ba. Ɗan takarar da ya san haka ba ya ɓata man motarsa a unguwannin da ke da maigadi a ƙofa. Wajen masu unguwanni da dagatai yake zuwa, da shugabannin kasuwa, da ƙungiyoyin direbobi da 'yan acaɓa, da sarakunan Hausawa na unguwannin.

Na biyu, ranar zaɓen ita kaɗai ce. A 2019 an haɗa shi da zaɓen gwamnoni ranar 9 ga Maris, ƙasa duka na cikin zafin siyasa. A 2022 babu wani zaɓe da ke tafiya tare da shi. Ga kuma ɗimbin ma'aikatan da suka yi rajista kusa da ofis a cikin gari amma suna kwana a Mararraba ko Masaka ta Nasarawa, ko Suleja da Madalla ta Neja. Idan an taƙaita zirga-zirga ranar zaɓe, mai irin wannan kati ba shi da hanyar kai kansa rumfarsa.

Na uku ya shafi rumfunan kansu, kuma nan ne ya fi cancantar a tsaya. A 2021 INEC ta ƙara yawan rumfunan zaɓe a ƙasa zuwa 176,846. Na Abuja suka tashi daga 562 zuwa 2,822. Manufar ita ce a rage cunkoso. Sai dai ƙirƙirar rumfa ba ya ɗauke mutum daga tsohuwar rumfarsa, sai shi da kansa ya nemi a sauya masa, kuma kaɗan ne suka nema. Ranar zaɓe rumfuna 593 ba su da mai rajista ko ɗaya, ba a kai musu kaya ba. Wasu na da mutum ƙasa da hamsin, wasu tsofaffin kuma na ɗauke da dubbai. Malaman zaɓe na zaune a sabuwar rumfa babu kowa, can gefe kuma layi ya miƙe.

A kan wannan aka ɗora na'urar BVAS, wadda aka fara gwadawa a zaɓen cike gurbi na Isoko ta Kudu a jihar Delta cikin Satumba 2021, sannan a zaɓen gwamnan Anambra a Nuwamba. Aikinta biyu ne: ta tantance mai zaɓe da yatsa ko da fuska, sannan ta ɗauki hoton takardar sakamako ta tura shafin hukumar na intanet. A Abuja ta ba da wahala a rumfuna da dama. Yatsan manomi ko na mai aikin gini da ya goge ba ya kamuwa, fuskar tsoho kuma ba ta dacewa da hoton da aka ɗauka tun rajistar 2011. Wasu masu yi wa ƙasa hidima da aka ba su na'urar ba su samu horo mai yawa ba. Rumfar da ya kamata ta buɗe ƙarfe takwas da rabi na safe sai ta kai hantsi, kuma duk wanda bai shiga layi ba kafin biyu da rabi na rana ba shi da ƙuri'a. Wanda ya zo da niyya mai ƙarfi zai jira. Wanda ya leƙo ne kawai yakan juya gida. Masu sa ido kuma sun ba da rahoton sayen ƙuri'a a kusa da rumfuna, abin da ke da sauƙi idan ƙuri'u ɗari biyu na iya ba mutum kujerar kansila.

Yadda ƙuri'a ke zama sakamako kuwa tsari ne sananne. A rumfa ake ƙirgawa a bainar jama'a, a cike takardar sakamako mai suna EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, kowa ya karɓi kwafi, a manna ɗaya a bango. Daga nan a kai cibiyar gunduma, inda ake bayyana kansila, shi rinjaye kawai yake buƙata. Na ciyaman sai ya wuce zuwa cibiyar ƙaramar hukuma, kuma rinjaye kaɗai bai isa ba: dole ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na gundumomi. A AMAC gundumomi 8 ke nan cikin 12. Idan aka soke wata rumfa saboda aringizo ko tashin hankali, kuma yawan masu zaɓen wurin ya fi tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, sai a ce zaɓe bai kammala ba, a sake a wuraren. Jam'iyyar da ba ta da wakili a rumfa, ko wakilinta ya tafi ba tare da kwafinsa ba, ta rasa makaminta a kotu tun daga ranar.

Kotu kuwa ta taka rawa a wannan zaɓe ba kaɗan ba. APC ta shiga da rigimar zaɓen fidda gwani a AMAC tsakanin Murtala Karshi da Suleiman Alhassan Gwagwa, magoya baya suka rabu gida biyu, kuma da wuya a ce wannan bai shiga cikin tazarar kusan ƙuri'u 6,000 da ta sha kaye da ita ba. A Abaji sai daga baya shari'a ta raba gardama, Abubakar Umar Abdullahi ya hau kujerar. Cikin Agusta 2022 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Maikalangu ta ba Karshi, sai kotun ɗaukaka ƙara ta zaɓen ta mayar masa a Oktoba, kuma hukuncinta ne na ƙarshe a irin wannan shari'a.

Har rantsuwar ma sai da aka kai ruwa rana. An yi zaɓen ne ƙarƙashin dokar zaɓe ta 2010, mai wa'adin shekara uku. Kwana goma sha uku bayansa, ranar 25 ga Fabrairu, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka mai wa'adin shekara huɗu. Aka shigar da ƙara cewa ciyamomi masu barin gado ma su ci wannan ƙari, babbar kotun Abuja ta amince, aka fasa rantsuwar da aka shirya cikin Mayu. Da aka janye hukuncin ne sababbin suka kama aiki ranar 14 ga Yuni 2022. Daga baya INEC ta ce tun da sun yi rantsuwa bayan sabuwar doka ta fara aiki, shekara huɗu ne nasu, ta sanya 21 ga Fabrairu 2026 don zaɓe na gaba.

Waɗanda suka ɗauki sakamakon 2022 a matsayin manuniyar babban zaɓe sun yi kuskure. Shekara guda bayansa Peter Obi na Labour, jam'iyyar da ba ta ci ciyaman ko ɗaya ba, ya samu ƙuri'u 281,717 a Abuja, Bola Tinubu 90,902, Atiku Abubakar 74,194. Ireti Kingibe ta Labour ta kayar da Sanata Philip Aduda na PDP a kujerar sanatan Abuja. Mutanen da suka zauna a gida a Fabrairun 2022 ne suka fito, sai ga Abuja ta daban.

Abin da ya fi ciwo shi ne waɗanda ke ɗaukar nauyin wannan kujera su ne marasa murya. Albashin malaman firamare a wuyan ƙananan hukumomi yake. A 2025 malaman firamaren gwamnati na Abuja sun shiga yajin aiki daga Maris har zuwa Yuli kan bashin albashi da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ajujuwa a kulle fiye da wata uku, sai da ministan Abuja, Nyesom Wike, ya shiga tsakani aka ɗebi kuɗi daga harajin ƙananan hukumomin don rage bashin. Yaran da suka rasa zangon karatu guda 'ya'yan Nyanya ne da Karu da Gui da Kwali da Abaji.