Rimi, Sarkin Kurmi: Tambayoyi da Amsoshi

Shin rimi bishiyar kurmi ne, ko ta fili?

Asalinsa ɗan kurmi ne. Masana tsirrai suna kiransa Ceiba pentandra, sunan da wani masanin tsirrai, Gaertner, ya tabbatar masa a 1791. Yana fitowa da kansa a dazuzzukan ruwan sama na Amurka ta Tsakiya da Amazon, da kuma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. A can ba ya yarda a rufe masa rana. Yakan miƙe sambal ba reshe, sai ya wuce kan sauran bishiyoyi sannan ya buɗe rassansa kamar laima. Manyansu kan kai mita 60, wasu har su zarce. Akwai kuma irin da ya saba da fili, gajere ne, mai santsin jiki. Danginsa ɗaya da kuka da gurjiya da auduga da kuɓewa.

Mene ne amfanin waɗannan fuka-fukan da ke gindinsa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, domin a nan hikimar bishiyar take. Ƙasar kurmi, duk da yawan ciyayinta, albarkarta a sama-sama take, cikin ruɓaɓɓen ganye. Saboda haka saiwar rimi ba ta nutsewa can ƙasa, bazuwa take yi ta ko'ina. To bishiya mai wannan tsawo me zai riƙe ta idan iska ta taso? Sai saiwoyin suka tashi suka zama kamar katanga, faffaɗa, siririya, suna dafe gangar jiki ta kowane gefe. A tsohon rimi sukan fi tsawon mutum. Ka shiga tsakanin biyu daga cikinsu, sai ka ji kamar ka shiga ɗaki marar rufi, ga sanyi, ga busasshen ganye ya taru har idon sawu.

Ƙaramin rimi kuwa jikinsa kore ne, yana kuma ɗauke da ƙayoyi gajeru masu kaurin gindi. Yana tsufa, ɓawon ya koma toka-toka, ƙayar ta ragu.

Me ya sa ba a cika ganin furensa ba?

Domin ma'abocin dare ne. Da rani yakan zubar da ganye, sai furanni su fito a kan rassa tsirara. Suna buɗewa bayan faɗuwar rana, da wani wari mai tsami, kuma jemagu ne ke zuwa shan zaƙinsu, suna kai ƙurar fure daga wannan bishiya zuwa waccan. Kafin rana ta take furen ya yi yaushi. Wanda ya kori jemage daga wuri, ya rage wa rimi haihuwa ke nan.

Audugarsa fa?

Kwanson yana bushewa ya tsage, farar auduga ta fito da ƙananan 'ya'ya baƙaƙe, iska ta kwashe su. Kowane silin audugar rami ne da shi a ciki, a waje kuma akwai kakin da ke hana ruwa shiga. Shi ya sa ba ta da nauyi, ba ta nutsewa, har aka riƙa cusa ta cikin rigunan ceto na jiragen ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kafin soso na roba ya karɓe kasuwar. Tana da santsi, ba ta kaɗuwa da sauƙi, don haka katifa da matashi ne babban aikinta. Tsibirin Jaba na Indunusiya ya yi suna wajen nomanta. A kula: wuta na kama ta nan take.

Zan iya dasa shi a cikin gida don inuwa?

Kada ka yi. Ina faɗin haka ne da son bishiyar a raina. Dashen da yau bai wuce gwiwarka ba, cikin 'yan shekaru zai tsere wa rufin ɗaki. Saiwarsa na ɗaga daɓe, ta tsaga katanga, ta bi bututun ruwa. Katakonsa ba shi da nauyi, abin da ya sa ake sassaƙa kwale-kwale da shi, amma kuma shi ne dalilin da ya sa reshe ke ɓallewa a guguwa. Ga audugar da ke cika iska idan kwanso ya fashe, mai ciwon asma ba zai ji daɗinta ba. Sau da yawa ƙarshen irin wannan dashe gatari ne, kuma laifin ba na rimi ba ne.

To ina ya dace da shi?

Wurin da zai sake: lambun shaƙatawa, babban filin makaranta, dandalin gari, nesa da gini da wayar lantarki. Ba banza aka ce rimi adon gari ba. Guda ɗaya ya isa ya ba wuri suna. Na birnin Firitawun a Saliyo ya tsaya shekaru aru-aru a tsakiyar gari, har hotonsa ya hau takardar kuɗin ƙasar, kafin guguwa ta kayar da shi ranar 24 ga Mayu, 2023. Ƙasar Gwatamala ta ɗauki rimi a matsayin bishiyar ƙasa a 1955, yana kuma jikin tutar ƙasar Ikwatoriyal Gini. Mutanen Maya na dā, 'yan asalin Amurka ta Tsakiya, sun ɗauka shi ne ke haɗa sama da ƙasa.

Yaya ake renonsa?

Da iri ko da yankakken reshe, duka suna kamawa. Yana son rana sosai da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya a cikinta, ba ya kuma jure sanyin ƙanƙara. A dasa shi farkon damina, a yi masa shinge saboda dabbobi, a ba shi ruwa a ranin farko da na biyu. Idan wurin na wasan yara ne, a nemi irin da ba shi da ƙaya.