Cutar haukan kare: abin da sunan yake nufi da inda yake ruɗar mutane

Da zarar an ce mahaukacin kare ya shigo unguwa, kowa ya san abin da zai gani: kare yana gudu ba ji ba gani, ido jajur, yawu na dalala, yana kai cizo ga duk abin da ya gifta, yara sun ranta a na kare, samari na biye da shi da sanduna da duwatsu. Daga nan aka samo sunan da likitoci da gidajen rediyo ke amfani da shi, cutar haukan kare, wasu kuma su ce ciwon cizon mahaukacin kare. Sunan ya karɓu, sai dai bai ɗauko duk abin da ke cikin cutar ba, kuma abin da ya bari a baya shi ya fi yi mana ɓarna.

Wannan hauka ba shi da haɗi da iskoki ko sammu. Wata ƙwayar cuta ce irin ta bairos, mai zama a yawun dabbar da ta kamu. Idan haƙori ya huda fata, ko dabbar ta lashi gyambon da bai warke ba, ko yawun ya faɗa wa mutum a ido ko a baki, to ƙwayar ta sami ƙofa. Hanyarta daban da ta zazzaɓin cizon sauro mai bin jini. Ita jijiyoyin nan masu kai saƙo ƙwaƙwalwa take bi, tana rarrafe sannu a hankali har ta isa can. Shi ya sa ake daɗewa ba a ga komai ba, yawanci wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Raunin ya warke, an manta da zancen, ita kuwa tana kan hanya. Cizon fuska ko na wuya ya fi saurin kaiwa, don tafiyar ba nisa. Yaro kuwa gajere ne, fuskarsa daidai bakin kare take.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka ta bakin kare suka samo ta. Abin da ya sa likitoci ke tsoronta shi ne, da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, da ƙyar a sami wanda ya tashi. Zazzaɓi ke fara zuwa, da ƙaiƙayi ko zugi a gurbin tsohon cizon, sannan tsoron ruwa. Mutum na fama da ƙishirwa, a miƙo masa kofi, maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture hannun da ya miƙo. A nan ne dangi kan ce ai jifa ne, a kwashe shi zuwa wurin mai magani, babu wanda ya tuna ɗan cizon da aka yi masa tun kafin azumi.

Ga inda sunan ke yaudara. Ba kowane kare mai cutar ke tayar da ƙura ba. Akwai nau'in da ke zuwa da shanyewar jiki: karen ya yi lamo a lungu, ya daina cin abinci, haushinsa ya canza ya koma disashe, muƙamuƙinsa na ƙasa ya saki, yawu na zuba don ya kasa haɗiya. Maigida ya leƙo ya ga karensa baki buɗe, ya ce ai ƙashi ne ya maƙale masa, ya tsuguna, ya naɗe hannun riga, ya zura yatsu cikin bakin yana lalube. Babu ƙashi. Ga yatsun nan kuwa da 'yan tsage-tsagen aiki, sun jiƙe sharkaf da yawu. Likitocin dabbobi sun daɗe suna gargaɗi kan wannan, don a idon mai shi wannan kare marar lafiya ne abin tausayi, kalmar hauka ba ta ko zo masa a zuci ba. Haka ma karen da aka sani da faɗa ya wayi gari yana lashe-lashen mutane, ko mai sanyin hali ya koma ciji-ciji ba dalili. Canjin hali na farat ɗaya shi ne abin lura.

Kalmar kare da ke cikin sunan ma tana da nata laifin. Kyanwa na kamuwa, haka saniya da akuya da jaki idan an cije su. Mu kuwa mun fi sakin jiki da kyanwa. Kare yana can zaure ko bayan gida, ita tana cikin ɗaki, tana kan gadon yara, da dare ta haura katanga ta yi yawonta, ba wanda ya san da wa ta gamu. Yakushinta ma abin kula ne, tunda kullum tana lasar faratanta. Na sha ganin gidan da aka yi wa karen gadi allura, amma ba a taɓa tunanin yi wa mage ba.

To in an ciji mutum fa? Kafin a fara cigiyar mai karen, a nemi sabulu da ruwa. A wanke raunin ana kwarara ruwa na minti 15 cif, a duba agogo, don minti 15 da yaro na kuka ya fi tsawon da ake zato. Buta ɗaya ba za ta isa ba, a sa wani yana cikowa. Kada a tura toka ko barkono ko ƙasa a ciki. Daga nan sai asibiti a ranar, a fara allurar rigakafi: ranar farko, rana ta uku, ta bakwai, da abin da likita ya ƙara, ba a tsallake ko ɗaya. Idan raunin ya yi zurfi ko a fuska yake, akwai wata allurar daban da ake yi a cikin raunin kansa. Dattawa na tuna allurai masu yawa da ake jera wa mutum a ciki kewayen cibiya, wasu har yau tsoronsu ke hana su kai yaro. An bar wannan tuni, yanzu a dantse ake yi. Wani kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne a tsaya a kemis a karɓi allurar tetanus a koma gida hankali kwance. Tana da amfaninta, amma ba ta taɓa wannan ƙwayar ko kaɗan.

Shi kuma karen, in na gida ne kuma za a iya kulle shi ba tare da wani ya shiga haɗari ba, a kulle shi kwana goma ana ba shi abinci ana lura. In ya cika kwanakin lafiya lau, yawunsa ba ya ɗauke da cutar a ranar da ya yi cizon. Amma ba a zama jiran kwana goman kafin a fara wa wanda aka ciza allura. Idan kuwa an riga an kashe shi, kada a jefar a juji, a kira likitan dabbobi, don ƙwaƙwalwar ake gwadawa a tabbatar. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato na wannan gwaji, tana kuma haɗa allurar rigakafin karnuka.

Rigakafin ba sabon abu ba ne. Tun 1885 masanin kimiyya Louis Pasteur ya gwada shi a Faransa a kan wani yaro ɗan shekara tara da kare ya yi wa kaca-kaca, yaron ya rayu, kuma ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita ake ware wa cutar duk shekara a duniya. Masana sun nuna in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar kan rasa inda za ta bi. Nan ne nake ganin an bar mafarauta da makiyaya a baya, alhali karnukansu ne ke shiga daji suna gamuwa da dila da sauran namun dawa, su dawo su kwana a tsakar gida.

Ga mai kare ko kyanwa aikin ba shi da yawa. Ɗan kwikwiyo ko ɗan kyanwa ya kai wata uku, a kai shi asibitin dabbobi, sannan a maimaita duk shekara. A tabbata daga firij ko akwatin ƙanƙara aka ciro maganin, don wanda ya wuni a aljihu cikin ranar kasuwa na iya tashi daga aiki. A karɓi kati mai kwanan wata da sa hannu, a adana shi tare da takardun gida. Ranar da maƙwabciya ta yi sallama riƙe da hannun ɗanta tana cewa "Malam, karenka ya ciji yaron nan", katin za a fara tambaya a asibiti.