Me ake nufi da ciwon sanyi?

A bakin jama'a, sanyi jakar magori ce. Mace ta ga farin ruwa ko ƙaiƙayi, a ce sanyi. Namiji ya ji zafin fitsari, sanyi. Har ciwon mara da jinkirin haihuwa shi ake ɗora wa. A asibiti kuwa ba cuta ɗaya ba ce.

Wadda aka fi sani da wannan suna ita ce gonoriya, da ake ɗauka ta hanyar saduwa. A jikin namiji takan nuna kanta cikin 'yan kwanaki: raɗaɗi wajen fitsari, ga mugunya tana ɗiga har ta ɓata wando. Akwai kuma kilamidiya, wadda ta fi ta iya ɓuya. Tunjere, ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da ƙwayar HPV mai jawo sankarar bakin mahaifa su ma ta saduwa suke yaɗuwa, ko da yake ba a cika kiran su sanyi ba. Shi kuwa ƙaiƙayin nan mai zuwa da farin ruwa gudaji-gudaji, ko macen da ba ta taɓa sanin namiji ba tana iya yin sa.

Masu tallan magani da lasifika a tasha sun fi son ɗora laifin a kan masai, domin ba wanda zai ji kunya. Gonoriya dai ba a masai ake kwaso ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kullum ana samun sabon kamu fiye da miliyan 1 na irin waɗannan cututtuka masu warkewa, kuma yawanci ba alama. Nan haɗarin yake, musamman ga mace: gonoriya ko kilamidiya ta haura mahaifa a ɓoye, ta toshe bututun ƙwai, sai rashin haihuwa ko ciki ya zauna a wajen mahaifa. Mai juna biyu kuma tana iya shafa wa jariri a ido wajen haihuwa.

Sayen kafso biyu a kemis ba magani ba ne, gonoriya ta riga ta gagari magunguna da dama. A yi gwaji, a yi wa miji da mata magani tare. In gidan kishiyoyi ne, to duk a haɗa, in ba haka ba cutar za ta yi ta bin kwana ɗaki-ɗaki. Ƙwaya da allurar tazarar haihuwa ciki kawai suke hanawa, kwaroron roba ne ke tare ciki ya kuma rage haɗarin kamuwa.