Su Wane Ne 'Yan Sa Ido a Gajeren Labari?

Sa ido kala biyu ne. Akwai na aiki, irin wanda ake yi a rumfar zaɓe. Akwai kuma na 'yan sa ido, waɗanda suka mayar da lissafin rayuwar wani abin yinsu. Ɗan sa ido ba magulmaci ba ne, ko da yake 'yan gida ɗaya ne. Magulmaci dakon magana yake yi. Ɗan sa ido ƙidaya yake, sannan ya yanke hukunci: wata nawa da kai amarya ba a ga ciki ba, buhu nawa wane ya samu bana, ina bazawarar can ta samo kuɗin sabuwar atamfa.

Masu rubuta gajeren labari suna son su ƙwarai, musamman tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata a 2016. Labarin da aka ƙayyade wa kalmomi 1,000 zuwa 1,500 ba shi da filin raino mugu tun daga tushe. 'Yan sa ido kuwa ba sa buƙatar suna ko tarihi. Layi ɗaya ya ishe su: "Wai an ce an gan ta a kasuwar Wudil ranar Juma'a."

Duba jimlar nan da kyau. Wa ya gan ta? Wa ya ce? A ƙauyen Kano ko Jigawa kowa ya san kakan kowa, babu baƙon fuska, amma "wai" da "an ce" sun isa maɓoya. Magana ta tashi a bakin burtsatse, ta biya ta injin niƙa, ta kwana a gidan suna, kafin la'asar ta iso majalisar ƙofar gida. Aure ya mutu, ba a san wa za a riƙe ba. Ko hukuncin bulala 80 da Suratun Nur ta yanke wa mai ƙazafi sai an samu wanda ya furta. Yanzu kuma saƙon murya a WhatsApp ya rage wa zancen tafiya.

Waɗanda ake sa wa idon sanannu ne: juya, budurwar da ta daɗe a gida, matar da ta dawo daga asibitin Jahun bayan aikin yoyon fitsari, ta tarar an daina cin abincin hannunta alhali ba wanda ya ce mata uffan.

Inda marubuta da yawa ke yin sake, a ganina, shi ne tattara laifin su ɗora wa tsohuwa guda mai baƙar zuciya, a ƙarshe ta haukace ko ta faɗa rijiya. Mai karatu ya yi hamdala, ba da shi ake ba. Labarin da ya fi ciwo shi ne wanda mai kai zancen mutumiyar kirki ce, mai zumunci, wadda ta fara da "Yaya, don dai ke ce, kada ki ce ni na faɗa."