Pat Garrett: mutumin da ya kashe Billy the Kid, rigimar awaki ta yi ajalinsa

Wai shi wane ne Pat Garrett ɗin nan?

Ba'amurke ne, an haife shi a Alabama a 1850, ya taso a Louisiana. Da ƙuruciya ya yi farautar ɓauna a Texas, daga nan ya gangaro Fort Sumner a New Mexico wajen 1878. Dogo ne sosai, shi ya sa mutanen wurin masu jin Sifaniyanci suka sa masa Juan Largo, wato dai Dogo. A Nuwamba 1880 aka zaɓe shi sherif na gundumar Lincoln. Sherif can zaɓarsa ake yi da ƙuri'a, shi ke kama masu laifi, shi ke riƙe da gidan yari.

To me ya haɗa shi da Billy the Kid?

Billy matashin ɗan bindiga ne da hukuma ke nema, kama shi kuma shi ne aikin da aka zaɓi Garrett don shi ai. A Disamba 1880 ya kama Billy a Stinking Springs, kotu ta yanke masa hukuncin rataya saboda kisan sherif William Brady, amma yaron nan a Afrilu 1881 ya harbe masu gadinsa biyu ya hau doki ya gudu. Garrett ya bi sawu har Fort Sumner, ranar 14 ga Yuli 1881 cikin dare yana zaune a ɗakin kwanan wani Pete Maxwell yana tambayarsa labari sai ga Billy ya shigo cikin duhu yana tambaya waye, waye. Nan take ya ɗirka masa harsashi. Har yau wasu na cewa ba jarumta ba ce harbin mutum a duhu, ni kam ban ga laifinsa ba, wanda ya kashe masu gadi biyu wa zai tsaya yi masa sallama?

Sunan da ya yi ya kawo masa arziki?

Ina! Ya taɓa kiwo, ya taɓa harkar noman rani, ba wadda ta tsaya. A 1896 ya sake zama sherif, a gundumar Doña Ana, don binciken ɓatan wani lauya Albert Fountain da ƙaramin ɗansa, ba a taɓa ganin gawarsu ba. A 1901 shugaba Theodore Roosevelt ya ba shi kujerar kwastan a El Paso, da wa'adin ya ƙare ba a sabunta masa ba. Ga caca, ga bashi ya yi masa katutu.

Ina maganar awakin ta shigo?

An ba wani matashi Wayne Brazel hayar filin kiwonsa, shi kuma ya zuba awaki. Masu shanu na can sun tsani akuya kamar me, don ba ta barin ko tsiro. Garrett ya dage sai an kwashe su. Ranar 29 ga Fabrairu 1908 yana cikin keken doki da wani Carl Adamson za su Las Cruces, Brazel na gefe a kan doki ana ta cacar baki, suka tsaya a hanya, sai harsashi ya samu Garrett ta ƙeya, nan take ya mutu.

An hukunta wanda ya yi?

Brazel ya kai kansa ya ce shi ne, wai kare kansa ya yi. Kare kai da harbi ta ƙeya fa! A 1909 aka yi shari'ar kwana ɗaya tak aka sallame shi. Har yanzu akwai masu zargin wani ɗan bindigar haya Jim Miller ne ya yi aikin. Gawar Garrett kuma saboda tsayi ba a samu akwatin da zai ɗauke ta a Las Cruces ba, sai daga El Paso aka kawo.