Mene ne Flabonoyid, Kuma Yaya Ake Auna Ƙarfinsa?

Flabonoyid rukunin sinadarai ne da tsiro ke haɗawa don kare kansa daga hasken rana mai tsanani da ƙwari, kuma duk ginin ƙwayoyin kabon 15 ne gare su. Jan zoɓo daga cikinsu yake. Zogale na ɗauke da irinsu da ake kira kwasetin da kamferol, shuwaka kuma lutiyolin.

Ɗalibin da zai ciro su a ɗakin gwaji, a Aliero ko Gusau, tun wajen shanya yake gyara aikinsa ko ya ɓata shi. A inuwa ake shanya ganyen. Wanda ya baza shi kan tabarma a ranar bazara zai ga ya bushe da wuri, amma wani kaso na abin da yake nema ya lalace. Sai a daka, a jiƙa giram 100 cikin lita ɗaya ta metanol mai ƙarfin kashi 80, a riƙa girgizawa har awa 48 zuwa 72, a tace. Wajen ƙafar da ruwan kada zafi ya haura digiri 45.

Abin da ya rage baƙi-baƙi ne mai danƙo. A narkar da shi a ruwa, a wanke da hekzen don maiƙo da koren ganye su fita, sannan a ja da etil asitet, inda akasarin flabonoyid ke komawa. Ɗan gutsuren magniziyam da ɗigon asid na HCl kan tabbatar: in ya yi ja-ja, suna nan.

Ƙarfin da ake magana shi ne iya kwantar da wasu ƙwayoyi masu ɓarna da ke lahanta sassan jiki. Da DPPH ake gwadawa, ruwa ne mai launin shunayya. A haɗa shi da abin da aka ciro daga ganyen, a ajiye cikin duhu minti 30, ya koɗe zuwa rawaya, a karanta a na'urar auna haske kan tsayin zangon haske na nanomita 517, a kwatanta da bitamin C. Adadin IC50 shi ne yawan abin da aka ciro da ya isa ya ci rabin launin, don haka ƙaramin adadi ne mai ƙarfi. Nan da yawa ke juya lissafi. Kuma sakamakon kwalba ne kawai, bai isa a ce ganyen na warkar da ciwo ba.

Ruwan DPPH da aka haɗa a ranar ake amfani da shi, a naɗe kwalbar da takardar alminiyam. Samfuri mai launi kamar zoɓo kuwa sai an auna shi shi kaɗai an cire, in ba haka ba jansa zai shiga lissafin.