Cire ribit da mayar da shi a gyaran ƙananan injinan tururi

Ribit wata 'yar ƙusa ce marar zare, ana zura ta cikin ramin da ya ratsa ƙarfe biyu sai a daddale ɗaya bakin ya baje, shikenan ta riƙe su gam, ba a kwance ta da sukundireba kamar noti, sai dai a lalata ta a saka sabuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu haɗa tagar alminiyom ko masu gyaran hannun bokiti ya ga irinta. A harkar gyaran ƙananan injinan tururi, wato irin na wasa da na ajiya waɗanda ake zuba musu ruwa a hura wuta su juya da gaske, cire ribit ɗin nan shine matakin da yafi ɓata wa sabbin shiga aiki.

Injinan da ake magana a kansu yawanci na Ingila ne da Jamus da Amurka. Akwai Mamod wanda Geoffrey Malins ya kafa a Birmingham a 1937, akwai Wilesco na garin Lüdenscheid a Jamus, da Jensen na Pennsylvania da ya fara a 1932, sai tsofaffi irin su Bing na Nuremberg da Bowman na Norfolk. Kowanne da yadda yake haɗa kayansa, wasu da ƙananan noti, wasu da 'yan kunnuwan gwangwani da ake lanƙwasawa, wasu da ribit mai rami a tsakiya irin na idon takalmi. Mamod kam tun wajen tsakiyar shekarun 1960 suka koma amfani da ribit ɗin da ake kira POP, mai ɗan tsinken ƙarfe a tsakiya wanda ake ja da wata na'urar hannu da ake ce wa bindiga har ya karye, saboda yafi sauri da arha a masana'anta. Shi ma POP ɗin ɗan Birmingham ne, kamfanin George Tucker Eyelet ne ya fito da shi a shekarun 1930 don aikin jirgin sama, inda hannu baya iya kaiwa bayan ƙarfen.

To me zai sa a cire shi? Tsatsa ce da fenti. Injin da ya shekara hamsin wuta na cin murhunsa ruwa na ɗiga a farantin gindinsa, zaka tarar tsatsa ta shige ƙarƙashin inda ƙarfe ya hau kan ƙarfe, kuma in ba a raba su ba duk fentin da aka shafa a sama banza ne, bayan wata kaɗan zata sake ɓullowa ta gefe.

Yadda ake cirewa

Kan ribit kawai ake so a cire, ramin kuma a barshi yadda yake, gaba ɗaya sirrin aikin kenan. Girman da aka fi haɗuwa da shi biyu ne, mai inci 1/8 wato kusan milimita 3.2, da mai inci 3/32 wato milimita 2.4. Ana ɗaukar bakin diril daidai da girman ribit ɗin ko ƙasa da shi kaɗan, a fara tura guntun tsinken ƙarfen da ya karye a tsakiya ya faɗa ciki, don shi yafi alminiyom ɗin da ke kewaye da shi tauri kuma in aka barshi sai bakin diril ya zame gefe ya ci jikin injin. Daga nan a huda a hankali, ba gudu ba dannawa da ƙarfi, zaka ga kan ya ɓalle ya maƙale a bakin diril kamar ɗan zobe, to nan ake tsayawa cak. Sauran jikin da ɗan tsinken ƙarfe da guduma ƙarama ake tura shi.

Matsalar da kowa ke kuka da ita itace ribit ya fara juyawa tare da diril. Da zarar ya fara haka kar a ci gaba, don yana faɗaɗa ramin ne yana kuma ƙona fenti. In hannu na kaiwa baya sai a damƙe shi da filaya, in baya kaiwa a manna salatif mai kauri a kai a huda ta cikinsa, ko a koma ga magagari a goge kan a hankali har ya ƙare. Magagari ya fi cin lokaci amma gaskiya a ƙarfe siriri irin na Bing nafi yarda da shi akan diril.

Ribit mai cikakken jiki na jan ƙarfe ko tagulla shi kuma bashi da rami, dole a fara buga masa ɗan ɗigo a tsakiyar kai daidai kafin diril ya taɓa shi, a kuma tokare bayan ƙarfen da katako ko wani ƙarfe mai rami don kar farantin ya loɓa.

Mayarwa

A faranti da murhu ba wata wahala, ribit na alminiyom daidai girman na da, bayan fenti ya bushe sosai. Abin lura ɗaya, lokacin da tsinken ya karye bindigar na yin tsalle ta karce sabon fenti, shi yasa ake zagaye wurin da salatif. Kuma bakin bindigar sau da yawa yana da kauri baya shiga lungu, sai a zura ɗan siririn bututu ko ƙananan wosha a jikin tsinken don a ƙara masa tsawo.

Tukunyar tururi ita ce wurin da ba a wasa. Tagulla ce siririya, ƙarfin tururin cikinta bai fi bar 1 zuwa 2 ba (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne) amma ruwa ne mai tafasa, ya isa ya ƙona fuska. Mamod na ƙarshen shekarun 1970 zuwa gaba suna da 'yar tagar ganin ruwa a bayan tukunya kuma ribit ne ke riƙe da ita, to a nan ribit na jan ƙarfe mai rufaffen gindi ake sakawa, don na gama-gari yana da rami tururi zai bi ta ciki ya fita, sannan alminiyom in ya zauna da tagulla cikin ruwan zafi cinyewa yake yi. Gutsattsarin tsohon ribit da suka faɗa cikin tukunya kuma a girgiza a fitar da su ta ramin bawul a wanke, in ba haka ba zasu iya toshe bututun tururi. Bayan an gama ana gwada tukunyar da ruwan sanyi da famfon matsa ruwa kafin a kai mata wuta.

Ribit mai cikakken jiki kuwa ana barin abinda ya leƙo ya kai kamar ɗaya da rabi na kaurinsa, in na jan ƙarfe ne a gasa shi ya yi ja a barshi ya huce don ya yi laushi, sai a ɗora kansa a ƙarfe mai ɗan kwarmi a riƙa bugu ƙanana ƙanana ana zagayawa har bakin ya dunƙule.

Akwai saɓani tsakanin masu wannan sha'awa akan saka noti a madadin ribit. Masu kunna injinansu kullum suna son noti don gobe a kwance cikin sauƙi, masu tarawa don ajiya kuma suna ganin ya rage asali da daraja, har launin kan ribit suke dubawa. Wasu sun raba gardama, noti a ƙarƙashin faranti inda ido baya gani, ribit a duk inda ake gani.